Matsirgar Farin Ruwa: Sunan Wuri da Yawon Buɗe Ido

1.0 Gabatarwa

Mazaunin birnin Sakkwato ya saba da ruwan da ke tafiya a kwance, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu. Wannan maƙala za ta dubi ruwan da ke faɗowa daga bisa dutse, musamman Farin Ruwa, don a ga abin da sunansa ya bayyana da kuma abin da ya rufe.

2.0 Kalmar Matsirga

Hausa tana da wadatar kalmomin ruwa, kamar gulbi, kogi, rafi, ƙorama, tafki da kududdufi. Amma idan aka zo ga ruwa mai faɗowa sai kalmomin su ƙaranta, saboda abin ba shi da yawa a tsakiyar ƙasar Hausa. Kalmar da ta fi dacewa ita ce matsirga, wadda aka gina daga aikatau tsirga, watau dirowa daga sama. Ƙirarta ɗaya ce da ta mahauta da majema da mashaya, inda ɗafa-goshin ma- yake nuna wurin aiki. Kalmar ta ma zama sunan yanka ga matsirgar da ke kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna.

3.0 Farin Ruwa

Farin Ruwa yana cikin Ƙaramar Hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato a 1996. Ruwan yana gangarowa daga tsaunukan Jos, ya faɗo kimanin mita 150. Wannan tsawo ya ɗara na matsirgar Biktoriya da ke kan Kogin Zambezi, mai mita 108, ko da yake ta Biktoriya ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Da damina ruwan ya fi cika, yana dukan dutse yana tashi fari fat kamar hayaƙi. Daga nan sunan ya samo asali.

To, sai dai wannan suna na mai kallo ne daga nesa. Al'ummomin da ke zaune a gindin dutsen suna da harsunansu, Hausa kuwa harshen kasuwa ne da hulɗa a yankin. Da zarar suna ya hau taswira da allon hanya, shi baƙo zai riƙe, na 'yan ƙasa kuma ya koma bakin tsofaffi. An ga irin haka a Zambezi. A 1855 David Livingstone ya laƙaba wa matsirgar sunan Sarauniyar Ingila, alhali mutanen wurin suna kiranta Mosi-oa-Tunya, ma'ana hayaƙi mai tsawa. Wannan suna dai ya tsira.

4.0 Kammalawa

Bikin kamun kifi na Argungu ya nuna cewa baƙi suna iya zuwa kallo ba tare da an ture Sarkin Ruwa da al'adunsa ba. Hakkin manazarta ne, musamman ɗalibai masu neman babban digiri, su je Wamba da Kafanchan su tattara sunaye da tatsuniyoyi da camfe-camfen waɗannan wurare daga bakin masu su. Tun da sauran dattawan da suka san su ya kamata a soma.