"Ai Kowa Ma Haka Yake": Yawan Masu Ciwo Ba Ya Mai Da Ciwo Lafiya

A Libreville akwai maganar da ke rufe bakin duk mai ƙorafin jikinsa: "nomal ne". Dattijo ya ce ƙeyarsa na sara, a ce nomal ne, shekaru ne. Mace ta ce tana haki in ta hau bene, a ce nomal ne, ai kowace mai goyo haka take. Abin da ake nufi shi ne mutane da yawa suna fama da irinsa. To amma yawan masu abu daban, lafiya daban.

Mu malamai da lissafin muwayen muke kwana muke tashi, shi ya sa bambancin ba ya ɓace mana. In na tara makin ajina na raba, matsakaicin ya fito 7 bisa 20, yaron da ya samu 8 ya fi yawancin 'yan ajin, amma bai ci ba. Matsakaici yana faɗa maka inda jama'a suka taru ne kawai. Ba ya faɗa maka ko wurin da suka tarun mai kyau ne.

Ɗauki tansiyo, wato hawan jini. A nan ana faɗinsa irin na Faransa, 12/8 ko 14/9, wanda shi ne 120/80 da 140/90 a wasu ƙasashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in awo ya kai 14/9 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne, kuma a alƙalumanta kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba, don sau da yawa ba ya ciwo. Ka zauna a majalisar 'yan kasuwa a Mont-Bouët, ka ji mai 15 yana kwantar da hankalinsa wai abokinsa 17 ne. Mutuwar yawa kaka ce, in ji masu magana, amma shanyewar ɓarin jiki mutum ɗaya take kamawa, iyalinsa su kwana da jinya. Hukumar ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Tsakanin kifi mai gishiri da dunƙulen Maggi a kowace miya, wa ke lissafi?

Iyayenmu ma sun san irin wannan. A wasu ƙauyukan ƙasar Hausa, yaro ya yi fitsarin jini sai a ce alamar girma ce, tunda duk sa'o'insa masu wanka a kududdufi suna yi. Alhali tsargiya ce, ƙwayar cuta ce daga ruwa, wadda in ta daɗe take lalata mafitsara, kuma akwai maganinta.

Sai dai lamarin yana da wata fuskar. Wani lokaci takardar asibiti ce ke nuna ka saɓa wa ƙa'ida, alhali lafiyarka lau. Lambar 37 da kowa ya haddace a matsayin zafin jiki ta samo asali ne daga wani likitan Jamus, Carl Wunderlich, wanda ya auna mutane kusan 25,000 ya wallafa sakamakonsa a 1868. Matsakaici ne ya fitar. Jikin mutum ɗaya ma yakan fi sanyi da asuba, ya ɗan ɗumama da yamma. Mai 36.5 ba shi da matsala, kuma tsoho yana iya kwanciya da cuta mai tsanani ba tare da zafinsa ya kai 38 ba.

Haka awon fararen ƙwayoyin jini. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba su da wani tambari da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gado sukan fito da adadin wani rukuni na fararen ƙwayoyi ƙasa da iyakar da aka buga a takarda, iyakar da aka fi ɗaukowa daga awon Turawa, kuma hakan ba ya ƙara musu kamuwa da cuta. Likita ne zai tantance, ba maƙwabcin da ya leƙa takardar ya ga alama ya ce jininka ya lalace ba.

To da me za a auna mutum? Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wajen ma'aunin girman yara da ta fitar a 2006. Ba ta tara yaran duniya ta raba ba. Ta bi yara fiye da 8,000 a Burazil, Gana, Indiya, Norwai, Oman da Amurka, waɗanda suka sha nonon uwa, suka tashi cikin kulawa, iyayensu mata ba sa shan taba. Sai aka ga girmansu kusan iri ɗaya ne. Ke nan yaron da ya tsumbure ba za a ce nomal ne don duk yaran layinsu ƙanana ne ba. Da lafiyayyen yaro za a gwada shi.

Abin da nake roƙon iyayen ɗalibaina da sauran 'yan uwa ba mai tsada ba ne. Ka san lambobinka tun kana lafiya: tansiyo, suga, nauyi, yawan jini, da ko kai AA ne ko AS kafin maganar aure. Awon tansiyo minti biyar ne, a asibitin unguwa ko a famasi. Ka rubuta da kwanan wata a karnenka na asibiti, ka ajiye. Wanda ya saba da 11/7 ya wayi gari yana 13/8 watanni a jere, yana da abin faɗa wa likita ko da bai kai iyakar ba, don canji daga abin da jikinka ya saba shi ma labari ne.

In kuma wani ya ce maka nomal ne, ka tambaye shi: nomal ga wa? In amsarsa ita ce "ai kowa ma haka yake", to ka je a auna ka.