Mai Sabon Aiki Da Ya Sami Kiran Intabiyu A Wurin Da Ya Fi

Sau da yawa mutum yakan daɗe yana neman aiki, ya aika takardu wurare dabam-dabam, har wani kamfani ko wata ma'aikata ta ɗauke shi. Bai cika wata biyu ko uku da kama aiki ba, sai ga takardar kira zuwa intabiyu daga wani wuri da ya fi albashi, ko wanda ya fi dacewa da abin da ya karanta. A nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Waɗansu sukan ɓoye sabon aikin don gudun kada a ce ba su da zama wuri ɗaya. Waɗansu kuma sukan ajiye shi tun ba su ga takardar ɗauka ba. Duka biyun kuskure ne. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya bayyana aikin, ya faɗi dalilinsa a taƙaice, sa'an nan ya bar wurin bisa ƙa'ida.

Dalilin Da Ya Sa Ba A Ɓoyewa

Neman ci gaba ba laifi ba ne, kuma masu yin intabiyu sun san haka. Abin da ba su yafewa shi ne ƙarya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A Nijeriya aikin albashi yakan bar sawu ko da na 'yan watanni ne.

Na farko, akwai asusun fansho. Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, ta tanadi cewa ma'aikacin gwamnatin tarayya, da na kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, zai buɗe asusun ajiyar fansho mai lamba tasa ta kansa. Kowane wata ana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, mai aikin kuma ya ƙara aƙalla kashi 10. Wannan asusu yana bin mutum duk inda ya koma. Sabon wurin aiki zai nemi lambarsa, bayanin asusun kuwa yana nuna wanda ya zuba kuɗi da watan da aka zuba.

Na biyu, akwai takardar kammala hidimar ƙasa. Tun da aka kafa shirin a 1973, wannan takarda tana ɗauke da kwanan wata, saboda haka abu ne mai sauƙi a lissafa watannin da suka wuce, a tambayi mutum abin da ya yi a cikinsu.

Na uku, ga ma'aikacin gwamnati al'amarin ya fi tsanani. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar albashin muƙami biyu na gwamnati a lokaci guda, kuma tun 2007 aka fara shigar da ma'aikatan tarayya cikin tsarin biyan albashi na bai ɗaya. Ba da bayanin ƙarya a takardun aiki yana cikin manyan laifuffukan da ke jawo kora. Wanda ya ɓoye aikin wata uku yana iya rasa aikin shekara talatin da biyar.

Yadda Ake Rubuta Shi

A takardar da mutum yake jera iliminsa da ayyukan da ya yi, sai ya sa sabon aikin a sama, da sunan wurin, da muƙaminsa, da watan da ya fara. Kada ya ƙara wa watannin tsawo, kada kuma ya ba kansa muƙamin da ba a ba shi ba. Idan ya aika takardar neman aikin tun kafin ya sami wannan na yanzu, to, sai ya tafi da sabuwar takarda ranar intabiyu, ya sanar da kwamitin da bakinsa tun ba a tambaye shi ba.

Yadda Ake Amsa Tambaya

Lalle za a tambaye shi dalilin da ya sa yake son barin aikin da bai daɗe da kamawa ba. Abin da kwamitin yake son ganewa shi ne ko su ma zai bar su bayan 'yan watanni. Don haka amsa mai kyau tana da sassa uku: yadda aka yi ya shiga aikin, abin da ya koya a ciki, da abin da ya sa wannan muƙami ne zai zauna a kai.

Alal misali, a ce wanda ya karanta aikin akanta ya kama aikin akawu a wani kamfanin sufuri. Yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, na nemi wannan muƙami tun kafin in sami aikin da nake yi. Na karɓe shi ne don kada in zauna haka nan, kuma na koyi tsara takardun biyan kuɗi a can. Amma aikin akanta na karanta, a nan ne zan yi amfani da shi, in kuma yi girma a cikinsa."

Bai kamata ya zagi maigidansa na yanzu ba, ko ya tona asirin kamfani. Mai sauraro zai ɗauka gobe shi za a yi wa haka. Idan ƙarancin albashi yana cikin dalilansa, babu laifi ya faɗa, amma kada ya zama shi kaɗai ne dalili. Idan kuma ba ya so a tuntuɓi wurin aikinsa tukuna, sai ya roƙi kwamitin a fili ya dakata har a yanke shawarar ɗaukarsa, ya ba da sunan malaminsa ko shugaban wurin da ya yi hidimar ƙasa don su ba da shaida a kansa. Ma'aikacin gwamnati kuwa, ƙa'ida ita ce takardarsa ta bi ta hannun shugaban sashensa, ko da yana cikin shekara biyu na gwaji.

Notis Da Ranar Kama Aiki

Za a tambaye shi ranar da zai iya farawa. Kafin ya amsa, wajibi ne ya karanta takardar ɗaukarsa aiki. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta shafi leburori da akawuna, ta ƙayyade mafi ƙarancin notis kamar haka: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya kasance a rubuce. Manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa, abin da ke cikin yarjejeniyarsu shi ake bi, galibi notis na wata ɗaya ko biyan albashin wata ɗaya a madadinsa. Wanda aka tura kwas da kuɗin ma'aikata ya duba ko ya sa hannu a kan alkawarin yin aiki na wani lokaci, domin ana iya neman ya mayar da kuɗin.

Mai neman aiki da ya ce sai ya cika notis ɗinsa kafin ya zo, ya nuna wa kwamitin irin riƙon amanar da su ma za su samu daga gare shi.

Kada A Saki Reshe A Kama Ganye

Yabo a wurin intabiyu ba ɗauka ba ne, alkawarin baki ma haka. Kada mutum ya rubuta takardar ajiye aiki sai takardar ɗauka ta shiga hannunsa, ya karanta albashi da matsayi da ranar farawa. Bayan haka sai ya ba da notis, ya miƙa aiki da kayan ofis ga wanda aka ce ya miƙa wa, ya karɓi takardar amincewa da murabus ɗinsa, ya yi sallama da mutunci. Wannan takarda ita za a nema a sabon wuri, kuma wanda aka bari yau ana iya bukatar shaidarsa gobe.