DARASIN FASSARA: Kalmar "Sure" Ba Kullum Take Nufin "Tabbas" Ba

 

Makon jiya na ba 'yan ajina jimloli biyar su fassara daga Ingilishi zuwa Hausa. Ɗaya daga ciki irin maganar nan ce da ma'aikaciyar asibiti kan faɗa wa uwa idan za a sallame ta: "Make sure the child finishes the medicine." Da na zauna duba takardun, sai na tarar da yawansu sun rubuta: "Tabbas yaron zai shanye maganin."

Hausar dai ba ta karye ba, amma saƙon ya karye. Umarni aka bayar, su kuma suka mayar da shi labari. A ce a asibitin gaske aka yi wannan tafinta, uwa za ta koma gida hankalinta kwance, an ce mata yaro zai shanye magani, alhali kuwa ita aka ɗora wa nauyin ta ga ya shanye. Kun ga ashe ba maki kaɗai ake asara ba. Abin da ya kamata a ce shi ne: "Ki tabbata yaron ya shanye maganin," ko kuma "Lalle ki ga yaron ya shanye maganin."

Matsalar ita ce mun haddace "sure" daidai take da "tabbas", shi ke nan muka rufe littafi. To yau bari mu buɗe shi.

ASALIN KALMAR

"Sure" ba 'yar asalin Ingilishi ba ce. Daga tsohon Faransanci ta shigo, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara cikin Ingilishi bayan mutanen Nomandi sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Shi kuma Faransanci daga kalmar Latin "securus" ya samo ta, wadda ke nufin rashin damuwa ko zama cikin aminci. Shi ya sa 'yan uwanmu na Nijar ba za ta zame musu baƙuwa ba, don ita ce "sûr" ɗin da suke ji a cikin "bien sûr". Daga wannan tsatso ne kuma "insurance" ta fito, wadda muka ara muka ce inshora.

Mu ma namu kalmomin na tabbaci, da yawansu aro ne daga Larabci: haƙiƙa, yaƙini, shakka, har da tabbata ɗin kanta. Amma sun daɗe da zama 'yan gida, kowace da inda take zama. Ga wuraren.

1. IDAN MUTUM YA CIRE SHAKKA A RANSA

"I am sure" ita ce wadda kowa ya sani. A Ingilishi "sure" sifa ce a nan, amma Hausa aikatau take amfani da shi, kuma a shuɗaɗɗen lokaci:

Na tabbata shi ne.
Na tabbata na kulle ƙofar.

Ko kuma a ɗauko suna, wato tabbaci ko yaƙini, a haɗa da "da": "Ina da tabbacin zai zo," "Ina da yaƙinin gaskiya ta faɗa."

Abin da ba a cewa shi ne "Ina tabbas" ko "Ni tabbas ne." Ina yawan ganin wannan a takardun ɗalibai. "Tabbas" bayanau ce, jimla sukutum take ƙarfafawa, ba ta siffanta mutum. Ga dangin nan a jere don a huta da rikita su:

tabbata: aikatau, "Maganar ta tabbata."
tabbatar da: aikatau irin su sayar da, fitar da, "Ya tabbatar da labarin."
tabbaci: suna, "Ba ni da tabbaci."
tabbatacce, tabbatacciya, tabbatattu: sifa, "Labari ne tabbatacce."
tabbas: bayanau, "Tabbas na gan shi."

2. IDAN TAMBAYA CE

"Are you sure?" fuska biyu gare ta. Wani lokaci tambaya ce tsakani da Allah, sai a ce "Ka tabbata?" ko "Kin tabbata?" Wani lokaci kuma mai maganar bai yarda ba ne, yana dai lulluɓe rashin yardar. A nan Hausa tana da kalmar da ta fi ta Baturen kaifi: "Anya kuwa?"

Sai kuma a lura da wanda ake yi wa magana. Abokinka za ka iya ce masa "Kai, ka tabbata?" Amma ka je ka ce wa mahaifinka ko shugaban makaranta haka, ka ga yadda za a dube ka. A nan sai a sassauta: "Baba, ko dai a sake dubawa?" ko "Ranka ya daɗe, anya ba ranar Talata ba ce?"

Haka ma "I'm not sure that's a good idea." Wanda ya faɗi haka galibi ya riga ya yanke hukunci a ransa, ladabi ne ya hana shi cewa a'a. "Anya wannan shawarar za ta ɓulle kuwa?" ta fi kama saƙon a kan "Ban tabbata ba."

3. IDAN AMSAR ROƘO CE

Nan ne fassarar kalma da kalma take ba da dariya. Wani ya ce "Can I sit here?" aka ce masa "Sure." Idan ka fassara da "Zan iya zama a nan? Tabbas," ka yi Hausar fim ɗin da aka yi wa fassarar gaggawa. Wa ya taɓa jin Bahaushe ya ba da wurin zama da "tabbas"? Cewa zai yi "Bismillah," ko "Zauna mana."

A nan "sure" izini ce ko amincewa, kuma amsar tana bin irin roƙon:

Ara mini bironka. Ga shi.
Za ka raka ni kasuwa? Me zai hana!
Don Allah ka miƙa wa Malam wannan. To, ba damuwa.
A kawo mini gobe da safe. An gama.

Amurkawa ma har godiya sukan amsa da ita. Ka ce "Thank you," a ce maka "Sure." Wannan "Ba komai" ce kawai.

4. IDAN UMARNI NE

Mun dawo kan jimlar asibiti. "Make sure" da "be sure to" umarni ne ko gargaɗi. Hausa takan ce "ka tabbata", "ka tabbatar", "lalle ka", wani lokaci ma ta juya ta ce "kada ka kuskura ka ƙi" ko "kar ka manta".

A nan ne bambancin "lalle" da "tabbas" yake fitowa fili. "Lalle" tana shiga umarni, "tabbas" ba ta shiga. Abin da ke ɓoye wannan bambanci shi ne rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ka zo" a rubuce tana iya zama labari, mai dogon wasali da karin sama, tana kuma iya zama umarni, mai gajeren wasali da karin ƙasa.

Ga dabarar da nake koya wa ɗalibaina: mayar da jimlar ta koma ta mace. A wajen mace labari "kin zo" ne, umarni kuma "ki zo". To gwada:

Lalle ki zo gobe. Daidai.
Tabbas kin zo jiya. Daidai.
Tabbas ki zo gobe. Kunne ya ƙi ta.

Duk inda ka rikice, yi wannan gwajin, ko ka mayar da ita jam'i: "kun zo" da "ku zo".

Wani abu kuma, "make sure" takan nufi dubawa kawai. "Go and make sure the door is locked" ba cewa aka yi ka kulle ba, cewa aka yi "Je ka duba ko ƙofar a kulle take."

5. WA YA TABBATA, MAI MAGANA KO WANDA AKE MAGANA A KANSA?

Wannan ita ce mai kayar da manya. Dubi jimlolin nan biyu:

He is sure to pass.
He is sure of passing.

A ta farko, mai maganar ne ya tabbata: "Ba makawa zai ci jarrabawar," ko "Lalle zai ci." A ta biyu kuwa, shi yaron ne ya tabbata a ransa: "Ya sakankance zai ci," ko "Yana da tabbacin zai ci." Mai maganar bai ce ya yarda ba. Wataƙila ma dariya yake yi masa a ciki, don ya san bai yi karatu ba. Ƙaramar kalma ɗaya ce ta canza, "to" ta koma "of", amma tabbacin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya koma kan wani.

A nan akwai wata al'ada tamu. Bahaushe ba ya son yanke magana a kan gobe, sai ya ƙara da "in Allah ya yarda" ko "in sha Allahu". A hira ko tafintar baka wannan ba laifi, shi ne ma yake sa maganar ta zauna a kunne. Amma a jarrabawa ko takardar yarjejeniya, tsaya a kan abin da aka rubuta.

6. "SURELY" DA "SURE ENOUGH"

Kada "ly" ɗin nan ta ruɗe ka ka zaci "surely" kullum tabbaci ce. Sau da yawa, musamman a Ingilishin Birtaniya, mamaki take nunawa ko neman a goyi bayan mai magana. "Surely you are not going out in this rain?" Wanda ya ce "Tabbas ba za ka fita cikin ruwan nan ba" ya sauka daga hanya. Hausarta ita ce: "Ba dai fita za ka yi cikin ruwan nan ba?" Wannan "ba dai ... ba" ita ce ke ɗauke da mamakin. "Surely you know him" kuma, "Ai ka san shi mana."

Inda take riƙe ma'anarta ta tabbaci shi ne irin su "slowly but surely", wadda karin maganarmu ya riga ya gama da ita: sannu ba ta hana zuwa.

"Sure enough" kuwa ana faɗinta ne idan abin da aka zata ya faru. Muna da tamu: "ilai kuwa" ko "ai kuwa". "Na ce masa hadarin nan zai zubar, ilai kuwa kafin la'asar aka kece da ruwa."

7. IDAN GATSE NE

Yaro ya ce wa yayarsa gobe zai biya ta bashinta, ta ja murya ta ce "Yeah, sure." Ba ta yarda ba ko kaɗan. Hausarta: "Ka ji shi!" ko "Uhm, sai na gani." A rubuce babu murya, don haka sai ka duba abin da ya gabata da abin da ya biyo baya kafin ka yanke.

TO YAYA ZA A YI?

Duk inda ka ci karo da "sure", kafin ka ɗora biro yi wa kanka tambaya biyu. Ta farko: me ake yi da maganar, labari ne, tambaya ce, izini ne, umarni ne, ko gatse? Ta biyu: wa ya tabbata? In ka amsa waɗannan, kalmar Hausar da kanta za ta zo. Wannan shi ne abin da muke nufi da fassara mai 'yanci, saƙo ake ɗaukowa a zuba shi a mazubin Hausa.

Su kuma masu Ingausa, masu cewa "Ban da sure ko zan zo," ga shi kun gani ba rashin kalma ba ne. "Ban tabbata ba" tana nan, ba ta ƙaura ba.

AIKIN GIDA

Ku fassara waɗannan, kuma kowace jimla ku faɗi dalilin da ya sa kuka zaɓi kalmar da kuka zaɓa:

1. Be sure to greet your mother for me.
2. She is sure of herself.
3. May I borrow your book? Sure.
4. Surely he has not sold the farm?
5. Prices are sure to rise before Sallah.

Ta biyun tana da ɗan tarko, a yi hattara. A darasi mai zuwa za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan mu duba bambancin "lalle" da "dole", don su ma ana yawan musanya su.

Allah ya ƙara mana fahimta, ya ba masu shirin jarrabawa sa'a.