Fitilar Da Ta Dace Da Akwatin Kifi Na Gilashi

Wasu 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun sun shiga sha'awar ajiye kifi da tsirrai cikin akwatin gilashi. Amma bayan 'yan makonni sai ruwan ya koma kore, tsirran su ruɓe, kuɗi ya tafi a banza. Galibi laifin fitila ne.

Shi tsiro da haske yake haɗa abincinsa. In hasken ya gaza sai ganye ya ƙwanjame ya zube, in ya yi yawa kuwa gansakuka ce za ta mamaye akwatin. Saboda haka a nemi fitilar LED wadda aka rubuta 6,500K a kwalinta, watau farin haske irin na tsakar rana. Ba ta shan wuta sosai, ba ta kuma ɗumama ruwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a zafin Ikko.

Awa 6 zuwa 8 sun isa kowace rana, kuma kada a ajiye akwatin bakin taga. Sabon shiga ya soma da Anubias, tsiron da asalinsa rafukan kurmin Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Nijeriya. Da inuwa ya saba, don haka ƙaramar fitila ma ta ishe shi.