Kofi ko Al'ada: Me Ke Riƙe Sunan Makaranta?

Duk lokacin da ƙungiyar makaranta ta sha kashi a filin ƙwallo, sai ka ga ɗalibai sun dawo jiki a sanyaye, wasu ma har su ce sunan makaranta ya zube. To, shin da gaske kofi ne ke riƙe sunan makaranta? Jami'o'i biyu a Amurka za su taimaka mana da amsa, kuma labarinsu ya haɗu a shekara guda, 1939.

A sani cewa ƙwallon da ake nufi a nan irin ta Amurka ce, wadda siffarta ta yi kama da ƙwai, kuma galibi da hannu ake ɗaukarta a ruga. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili. A can, jami'o'i na kashe maƙudan kuɗi a kan wannan wasa.

Ta farko ita ce Jami'ar Shikago. A ƙarƙashin koci Amos Alonzo Stagg, wanda ya horar da ƙungiyarta daga 1892 zuwa 1932, ta zama zakara sau bakwai a gasar manyan jami'o'in yankinta. A 1935 ɗan wasanta Jay Berwanger ne ya fara karɓar kyautar da daga baya aka sa wa suna Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'a. Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1939 Jami'ar Michigan ta lallasa ta da ci 85 da nema. A ƙarshen shekarar jami'ar ta rushe ƙungiyar, domin shugabanta Robert Hutchins yana ganin neman kofi ido rufe yana cin karatu.

Me ya biyo baya? Ranar 2 ga Disamba, 1942, a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na wannan fili da aka daina wasa a cikinsa, masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko da ɗan Adam ya haɗa. Daga baya aka gina babban ɗakin karatu a wurin. Ƙwallo ta dawo a 1969, amma a ƙaramin mataki. Yau ana sanin Shikago da malamai da tsofaffin ɗalibanta fiye da 90 da suka ci kyautar Nobel.

Ta biyu kuwa ita ce Jami'ar Texas A&M. Ita a 1939 ɗin ta ɗauki kofin ƙasa, kuma shekaru fiye da 80 suka wuce ba ta sake ɗauka ba. Ta gwada sayen nasara da kuɗi: a 2017 ta ɗauko koci Jimbo Fisher, a 2023 ta sallame shi ba tare da kofi ba, ga bashin sallama na sama da dala miliyan 75. Duk da haka filinta mai ɗaukar mutum fiye da 100,000 yana cika maƙil.

Sirrin yana cikin al'adunta. A 1922, raunuka sun yi wa ƙungiyar yawa ana tsakiyar wasa, sai koci ya kira wani ɗalibi, E. King Gill, daga cikin 'yan kallo. Ya sa kayan wasa ya tsaya a gefen fili a shirye, ko da yake ba a kai ga sa shi ba. Don tunawa da shi, ɗalibai suna kallon kowane wasa a tsaye, suna kiran kansu “mutum na 12”. Haka kuma duk 21 ga Afrilu, tsofaffin ɗalibai suna taruwa a duk inda suke a duniya, a kira sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar, wani aboki ko ɗan'uwa ya amsa kiran a madadin mamacin.

Shikago ta bar babbar gasa, sunanta bai faɗi ba. Texas A&M ta daɗe babu kofi, 'ya'yanta ba su guje ta ba. Dalili kuwa shi ne kofi a shekara mutum ɗaya yake samu, sauran duk su koma gida hannu rabbana, amma al'ada kowane ɗalibi yana da rabo a cikinta, ko ya iya ƙwallo ko bai iya ba.

Wannan ba ya nufin a raina wasanni. Motsa jiki da haɗin kan da ake koya a fili abin so ne. Sai dai, 'yan uwa ɗalibai, idan wata rana aka ci mu, mu tari 'yan wasanmu da tafi, kashegari kuma mu rera taken makaranta a taron safe da ƙarfin da muka saba.