Ba Duk Mai Farar Riga Ne Likita Ba: Iyakar Aikin Ma'aikatan Lafiya Da Halin Hausawan Kurmi

Duk wanda ya sauka a mahaɗar Rumuokoro da ke birnin Fatakwal, inda hanyar Ikwerre ta gamu da babban titin nan da ya ratsa yankin Neja-Delta daga gabas zuwa yamma, ba zai yi nisa ba sai ya ji ana Hausa. Ga masu albasa da tumatir, ga mahauta da masu tsire, ga masu gyaran takalma da yankan farce, ga kuma 'yan dako. Waɗansu sun shekara da shekaru a nan har sun yi iyali, waɗansu kuwa cin rani ya kawo su. Haka abin yake a Anaca da Inugu. Zaman Hausawa a wannan sashe ba na yau ba ne, don kuwa tun a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, wani ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko.

Amma akwai wani al'amari da ya dami waɗannan bayin Allah, wanda ba a cika maganarsa ba, watau ina za su nufa idan ciwo ya kama su, kuma wane ne zai taɓa jikinsu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal yana kan wannan babban titi, wajen Choba, ba wata tafiya ce mai nisa ba daga Rumuokoro. Duk da haka mutum yakan gwammace ya shiga kemis ɗin da ke kusa, ko ya aika a kira wata mai farar riga ta zo ɗaki ta yi masa allura, ko ta ɗaura masa ruwa. Dalilan kuwa a fili suke: kuɗi, da tsoron rasa cinikin yini guda a layin kati, da kuma rashin mai jin harshensa. Ga yawancin mutanenmu duk namijin da ya rataya abin sauraron ƙirji likita ne, duk macen da ta sa farar riga kuwa nas ce. Alhali kuwa a wurin doka kowannensu da matsayinsa, da kuma iyakar da ba shi da iko ya ƙetare.

KOWA DA MATSAYINSA

Likita yakan yi shekara shida a jami'a, sa'an nan ya ƙara shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Shi ne mai alhakin gano cuta, da rubuta magani, da yin fiɗa. Nas mai rajista takan yi shekara uku a makarantar koyon jiyya, ko shekara biyar a jami'a. Aikinta shi ne duba halin da majiyyaci ke ciki sa'a bayan sa'a, da tsara yadda za a yi jiyyarsa, da ba da maganin da aka rubuta, da gane alamar haɗari tun kafin ya auku. Ungozomar asibiti ita ma tana da nata horon da rajistarta, kuma ita ke da ikon awon ciki da karɓar haihuwar da ba ta zo da gardama ba.

Tun a 1930 aka kafa dokar ungozomomi a Nijeriya, ta ma'aikatan jiyya kuma ta biyo baya a 1947. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ita ce ta haɗa su wuri guda, ta kafa Majalisar Ma'aikatan Jiyya da Ungozomomi ta Nijeriya. Wannan majalisa ce ke shirya jarrabawa, da ba da lasisi, da hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida. Wanda ba ya cikin rajistarta, in ya kira kansa nas yana aiki da sunan, ya yi laifi a gaban shari'a.

Bayan waɗannan akwai malaman lafiya na karkara, waɗanda aka fi sani da CHEW. Babbansu yakan yi shekara uku a kwalejin kimiyyar lafiya, irin wadda Jihar Ribas take da ita a Rumueme, ƙaraminsu kuma shekara biyu. Aikinsu ya bunƙasa ne bayan taron duniya na Alma-Ata a 1978, musamman a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Dokar soja mai lamba 61 ta 1992 ta kafa musu hukumar rajista tasu. Su ba da ra'ayin kansu suke magani ba. Akwai littafin ƙa'idojin aiki da aka ba su, wanda ya zayyana alamomin ciwo ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da za su yi, ya kuma faɗi inda za su tsaya su tura majiyyaci gaba.

Mai kemis kuwa, lasisin da yake riƙe da shi na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, irin waɗanda ba su bukatar takardar likita. Bai ba shi ikon yin allura ko ƙarin ruwa ba. Haka nan waɗanda ake kira "okzilari", watau 'yan matan da suka koyi aiki da gani a wani asibitin kuɗi aka yaye su da biki, majalisar ma'aikatan jiyya ba ta san da zamansu ba, kome daɗewarsu a bakin aiki.

MIƘA AIKI DA SHARUƊƊANSA

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nas guda ba za ta iya yi wa majiyyata talatin kome da kome ita kaɗai ba, tilas ta miƙa waɗansu ayyuka ga mataimaka. Wanka, da ciyarwa, da gyaran gado, da juya wanda ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo, duk ana iya miƙa su. Abin da ba a miƙawa shi ne hukunci: duba majiyyaci a gane ko yana samun sauƙi ko yana taɓarɓarewa, da yanke shawarar abin da za a yi.

A shekarun 1990 hukumomin jiyya na Amurka suka tattara wannan ilimi cikin sharuɗɗa biyar, waɗanda yanzu ake koyarwa a ƙasashe da yawa. Na farko, aikin ya kasance irin wanda ya halatta a miƙa. Na biyu, halin majiyyacin ya dace, don abin da za a iya bar wa mataimaki a kan mai samun sauƙi ba za a bar masa ba a kan wanda yake tsakanin rai da mutuwa. Na uku, wanda za a miƙa wa ya kasance ya koyi aikin an kuma tabbatar ya iya. Na huɗu, a yi masa bayani dalla-dalla, har da abin da in ya gani zai ruga ya faɗa. Na biyar, mai miƙawa ta koma ta duba. Ƙashin bayan maganar shi ne, aiki ake miƙawa, ba a miƙa alhaki. In nas ta sa mataimaki ya auna zafin jikin yaro, ya auna ya rubuta, ita ba ta duba ba har yaron ya shiga jijjiga, to, ita za a tambaya.

A nan ne bambancin yake tsakanin mataimakin da ke aiki a ɗakin majiyyata da mai yawo da jakar allura a unguwa. Na farkon akwai ido a kansa, na biyun kuwa ba mai duba shi, ba kuma wanda zai kira in abu ya ɓaci. Allura ba tsira ƙarfe a jiki kaɗai ba ce. In aka yi ta a gurbin da bai dace ba a ɗuwawun yaro, tana iya taɓa babbar jijiyar da ta sauka ƙafa, yaro ya tashi da shanyayyiyar ƙafa. In aka maimaita sirinji, ana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani a kai wa wani. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin, yana iya shiɗewa cikin 'yan mintoci, kuma sai da wata allurar ta daban ake ceto shi. Ruwan da mutane ke so a ɗaura musu don su ji ƙarfi yana iya cika huhun mai ciwon zuciya ko na ƙoda. Allurar naƙuda kuwa, in aka yi wa mace ita ba bisa ƙa'ida ba, tana iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa.

DOKAR RABA AIKI TA 2014

Duk da haka gwamnati ta san cewa in aka ce sai likita ko nas kaɗai za su taɓa majiyyaci, miliyoyin mutane ba za su ga kowa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mata 512 ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 43 cikin ɗari kaɗai na haihuwa ne ƙwararren ma'aikaci ke karɓa. Daɗin daɗawa ga ƙaurar ma'aikata. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan majalisar ma'aikatan jiyya, Dokta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku.

Tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan sauke waɗansu ayyuka daga manyan ma'aikata zuwa na ƙasa da su. Nijeriya ta amince da nata tsarin a 2014, aka kuma sake duba shi a 2018. Tsarin ya yarda malamin lafiya na karkara, bayan an ba shi horo na musamman, ya sa wa mace ashanar tazarar haihuwa a dantse, ya ba da ƙwayar misoprostol don tsai da zubar jini bayan haihuwa, ya kuma yi allurar farko ta maganin jijjigar masu ciki kafin ya tura mace babban asibiti. Ya kuma buɗe wa nas-nas hanyar ɗora masu ƙanjamau a kan magani a inda babu likita.

Maganar jijjiga ta isa misali, kuma daga Arewa aka ga amfaninta. A 2008 aka fara amfani da maganin magnesium sulphate a asibitoci goma na Jihar Kano, bayan an horar da likitoci da ungozomomi a kan yadda ake ba da shi. Mutuwar mata masu wannan ciwo ta sauko daga wajen kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Amma maganin nan kaifi biyu gare shi. In ya yi yawa a jiki yana tsai da numfashi, saboda haka wajibi ne a riƙa ƙirga numfashin mace, a auna fitsarinta, a gwada motsin gwiwarta kafin a ƙara mata wani. Shi ya sa aka ce malamin ƙaramin asibiti ya yi ta farko don ceton rai, sauran kuwa sai inda akwai masu sa ido dare da rana. Ashe ke nan tsarin bai rushe iyaka ba, matsar da ita ya yi, kuma ya ɗaure ta da sharaɗi uku: horo, da sa ido, da hanyar tura majiyyaci gaba. Inda ɗaya ya faɗi, abin ya tashi daga raba aiki ya koma karambani.

Ba kowa ne ya yi na'am da tsarin ba. Daga cikin nas-nas da ungozomomi akwai masu ganin cewa gwamnatoci na fakewa da shi don su guje wa ɗaukar ƙwararru aiki, tun da albashin malamin karkara bai kai nasu ba. Masu goyon baya kuwa suna cewa macen da jini ya ɓalle mata da tsakar dare ba za ta jira a gama wannan gardama ba. Kowane ɓangare yana da abin dubawa a cikin maganarsa.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Baƙon da ke zaune a Rumuokoro, ko Anaca, ko Inugu, yana da haƙƙin da doka ta ba shi daidai da ɗan gari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ta kuma ce a yi wa majiyyaci bayanin ciwonsa da maganinsa cikin harshen da yake ji, gwargwadon iko. Takardar haƙƙin majiyyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta ƙara jaddada wannan. Saboda haka ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi wanda zai yi masa allura matsayinsa, da sunan maganin, da wanda ya rubuta shi. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, yana kuma da lasisin da zai nuna. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma aiki a gaban sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na waɗannan garuruwa. Suna iya zaɓen matasa masu jin Turanci ko Burokan su riƙa raka marasa lafiya asibiti suna tafinta, musamman mata masu zuwa awo. Suna iya kafa asusun taimako, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa za a kai gawa gida, don kuɗin da ake tarawa a kai mamaci Arewa da an tara rabinsa tun yana kwance, wataƙila da ya koma da ƙafarsa. Suna kuma iya tura 'ya'yansu da aka haifa a can makarantun jiyya da na kimiyyar lafiya, don unguwa ta sami nata masu rajista.

Hukumomin lafiya na jihohin Ribas da Anambara da Inugu su ma da nasu rabon: su riƙa zagaya asibitocin kuɗi da kemis-kemis na unguwannin baƙi kamar yadda suke zagaya sauran, su kuma tabbatar cewa duk malamin da aka ɗora wa sabon aiki akwai ƙwararren da ke duba shi, akwai kuma motar da za ta ɗauki majiyyaci in abin ya fi ƙarfinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na Kurmi, amin.