Hoton Da Ya Fito Da Sunan Aina Onabolu

A cikin shekarar 1906 ne wani saurayi ɗan shekara 24, akawun gwamnati a Ikko, ya zana hoton wata mata mai suna uwargida Spencer Savage. Sunan saurayin Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882. Masana tarihin zane suna lissafa wannan hoto cikin na farko-farko da ɗan Nijeriya ya yi bisa tsarin zanen Turai, wanda ake fitar da kamannin mutum sak, da haske da inuwa, har a ga kamar zai yi magana.

A wancan zamani Turawan mulkin mallaka da dama sun ɗauka cewa baƙar fata ba shi da basirar irin wannan aiki, iyakarsa sassaƙa da saƙa. Shi ya sa babu darasin zane a makarantu. Onabolu kuwa ba wanda ya koya masa. Tun yana yaro yake kwaikwayon hotunan da ke cikin littattafai da mujallun Turawa, har hannunsa ya faɗa. Da hoton nan ya fito, sai masu musu suka rasa ta cewa, manyan mutanen Ikko kuma suka shiga nemansa don ya zana su.

A 1920 ya baje kolin ayyukansa a Ikko, sa'an nan ya tafi Ingila ya shiga makarantar zane ta St John's Wood a Landan, ya kuma yi karatu a Académie Julian ta birnin Paris. Ya komo gida a 1922, ya kama koyarwa a makarantun Ikko, ciki har da King's College. Da aikin ya yi masa yawa, sai ya matsa wa hukuma ta kawo ƙarin malami. Ta haka ne Kenneth Murray ya iso a 1927, wanda daga baya ya koyar da Ben Enwonwu.

Onabolu ya rasu a 1963. Ɗalibin da ya zauna ajin zane a ƙasar nan yana cin albarkacin akawun da bai jira an buɗe masa makaranta ba kafin ya gwada abin da zai iya.